Jinin Kakanni a Gaban Alƙali: Tambayoyinku Kan Zama Ɗan Ƙasar Italiya

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan fili a 'yan makonnin nan a kan abu guda suke, wato yadda mutum zai samu shaidar zama ɗan ƙasar Italiya ta hanyar tsatso, musamman idan ofishin jakadanci ya ƙi karɓar takardunsa har ta kai sai ya garzaya kotu. Na zaɓi biyar na taƙaita su, na kuma cire sunaye. Akwai magana ɗaya da dukkan amsoshin suka ginu a kanta. A irin wannan shari'a, aikin alƙali shi ne ya duba takardu ya tabbatar ko mai ƙara ɗan Italiya ne tun ranar da aka haife shi, ta hanyar sarƙar nasaba da ba ta tsinke ba daga kaka zuwa ɗa zuwa jika. Idan sarƙar ta tsinke a wani wuri, babu lauyan da ya isa ya ƙulla ta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mijina haifaffen Ajantina ne, muna da yara biyu ƙanana. Kakarsa ta wajen uba an haife ta a wani ƙauye kusa da birnin Treviso na Italiya a 1921, iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa Buenos Aires, a can ta yi aure ta haifi surukina a 1945. Ofishin jakadancin Italiya ya ce ba zai saurare mu ba saboda mace ce kuma ta haihu kafin 1948. Shin haka dokar take? Idan muka je kotu, ni da yaran za mu shiga ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ofishin ya gaya muku haka yake a wurinsu, amma ba nan maganar ta tsaya ba. Tsohuwar dokar zama ɗan ƙasa ta Italiya, mai lamba 555 ta shekarar 1912, ta ɗora gadon ƙasa a kan uba ne, uwa ba ta gadar wa ɗanta sai idan ba a san uban ba ko kuma shi ba shi da wata ƙasa. Dokar ta kuma ce macen da ta auri baƙo tana rasa ƙasarta idan auren ya ba ta ƙasar mijin. Kundin tsarin mulkin Italiya, wanda ya daidaita mace da namiji a gaban doka, ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairu, 1948, kuma a kansa Kotun Tsarin Mulki ta dogara ta soke waɗancan tanade-tanade biyu, na aure a 1975, na gadon uwa a 1983. Sai hukumomin gwamnati suka ce gyaran bai wuce ranar da kundin ya fara aiki ba, don haka ɗan da mace ta haifa ranar 2 ga Janairu, 1948 ya gaji ƙasarta, yayansa da ta haifa a 1945 kuwa bai gada ba, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Kotun ƙoli ta Italiya ce ta warware wannan a hukuncinta mai lamba 4466 na shekarar 2009, inda ta ce zama ɗan ƙasa matsayi ne mai ɗorewa, kuma wariyar da aka yi wa uwa tana ci gaba da cutar da 'ya'yanta har bayan 1948, saboda haka kotu tana da ikon gyarawa. Ofisoshin jakadanci ba su bi wannan hukunci ba, suna nan a kan umarnin ma'aikatarsu. Shi ya sa duk mai irin matsalarku kotu ce kaɗai hanyarsa, kuma lauyoyi sun saba kiran irin wannan ƙara da suna "shari'ar 1948".

Da a ce shekaru uku da suka wuce kika aiko wannan tambaya, da na ce ku haɗa takardu ku shigar da ƙara dukkanku har da yaran. To amma ranar 28 ga Maris, 2025 gwamnatin Italiya ta fitar da dokar gaggawa mai lamba 36, wadda majalisa ta mayar cikakkiyar doka mai lamba 74 a watan Mayu na shekarar, kuma ministan harkokin waje Antonio Tajani ne ya gabatar da ita ga jama'a. Kafin ita babu iyaka ga yawan kakanni, muddin kakan farko ya rayu a matsayin ɗan Italiya bayan kafuwar ƙasar ranar 17 ga Maris, 1861. Yanzu kuwa wanda aka haifa a waje kuma yake da wata ƙasa, ana ɗaukarsa tamkar bai taɓa zama ɗan Italiya ba, sai idan ya faɗa cikin ɗayan waɗannan: ya riga ya miƙa takardunsa ko ya shigar da ƙara zuwa ƙarfe 11:59 na dare agogon Roma ranar 27 ga Maris, 2025, ko ofishi ya riga ya sanar da shi ranar ganawa kafin wannan lokaci; ko mahaifi ko mahaifiya ko kakansa na da ƙasar Italiya ita kaɗai, ko da ita kaɗai ya rasu; ko ɗaya daga cikin iyayensa ya zauna a Italiya shekara biyu a jere bayan ya zama ɗan ƙasa kuma kafin haihuwar yaron. Ma'aikatar harkokin waje ta kafa hujja da cewa 'yan Italiya mazauna waje sun ƙaru daga miliyan 4.6 zuwa miliyan 6.4 tsakanin 2014 da 2024, kuma ƙararraki fiye da 60,000 sun cunkushe kotuna. Na fahimci wannan damuwa, amma a ganina dokar ta yi tsauri da ta haɗa da mutanen da aka riga aka haifa, waɗanda da yawansu sun shafe shekaru suna jiran layi ba da laifinsu ba.

Ga inda wannan ya bar ku. Mijinki jika ne, don haka ƙofarsa tana buɗe da sharaɗi guda: a tabbatar cewa kakarsa ba ta taɓa riƙe wata ƙasa ba bayan Italiya. Takarda mafi muhimmanci a wurinku ita ce shaida daga hukumomin Ajantina cewa ba ta taɓa zama 'yar ƙasar ba. A kuma bincika mahaifinta, domin idan shi ya karɓi ƙasar Ajantina tana yarinya, wannan na iya shafarta. A bincika ƙasar mijinta ma, tunda wasu ƙasashe a wancan zamani suna ba mace ƙasar miji da zarar an ɗaura aure ba tare da ta nema ba. Kada ku biya kuɗin shari'a kafin waɗannan amsoshi uku su zo hannu a rubuce.

Yaranku tattaɓa-kunne ne a wurin marigayiyar, saboda haka ba su gaji ƙasar kai tsaye a ƙarƙashin sabuwar dokar ba. Idan babansu ya yi nasara, akwai hanyar da iyaye za su yi sanarwa a madadin yaro ƙarami, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne yaron ya zauna a Italiya bisa ƙa'ida shekara biyu a jere bayan sanarwar. Ke kuma hanyarki ta aure ce, ba ta kotu ba: shekara uku da aure ga mazauna waje, biyu ga mazauna Italiya, ana rage rabin wa'adin idan akwai 'ya'ya, kuma dole ki ci jarrabawar harshen Italiyanci a matakin B1, wato matsakaicin mataki.

TAMBAYA: Malam, lauyanmu ya shigar da ƙara a watan Fabrairu na 2025 saboda ƙaramin ofishin jakadanci ya shekara biyar bai ba mu ranar ganawa ba. Kakan mahaifinmu ne ɗan Italiya, kuma ya karɓi ƙasar Amurka lokacin da ɗansa yake da shekara 12. Sabuwar dokar ta kashe mana shari'a ke nan?

AMSA: Ba ta kashe ba, ɗan'uwa. Duk ƙarar da ta shiga kafin wa'adin 27 ga Maris, 2025 da tsohuwar doka za a yanke ta. Dalilinku na zuwa kotu ma karɓaɓɓe ne, domin a lokacin da kuka shigar da ƙarar doka ta ba hukuma kwana 730 ne ta kammala irin wannan aiki, kuma alƙalai sun daɗe suna karɓar ƙarar mutanen da jinkiri ya wuce da su haka, musamman daga Sao Paulo da Buenos Aires. Ku adana hotunan shafin neman ganawa da duk saƙonnin da kuka aika, su ne shaidar cewa kun ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne waccan shekara 12. Shekaru da dama ana ɗauka cewa yaron da aka haifa a ƙasar da haihuwa a cikinta kaɗai ke sa mutum ya zama ɗan ƙasa, kamar Amurka, ba ya rasa Italiyancinsa ko da ubansa ya sauya ƙasa, bisa sashe na 7 na dokar 1912. A 2023 kotun ƙoli ta karkata ga sashe na 12, wanda ya ce yaro ƙarami da ke zaune da ubansa yana bin uban wajen rasa ƙasa, sannan a watan Oktoba na 2024 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta umarci ofisoshi su bi wannan fassara. Ka tuna cewa kafin 1975 sai mutum ya kai shekara 21 ake ɗaukarsa baligi a Italiya. Ka nemi lauyanku ya bayyana muku a rubuce yadda kotun da ƙararku take ke yanke irin wannan, kuma ya duba ko akwai wata sarƙa ta wajen matar kakan, domin sau da yawa inda layin namiji ya tsinke na mace yana nan lafiya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, an haife ni a 1979 a Afirka ta Yamma. Mahaifina injiniya ne ɗan Italiya da ya zo aikin hanya, ya auri mahaifiyata amma ba a rubuta auren a ko'ina ba, ya koma ƙasarsu ina da shekara uku. Mahaifiyata ta ajiye hotunansa da wasiƙu huɗu da ya aiko. Takardar haihuwata ita ce ta je ta yi daga baya, ta ba da sunansa. Na ji cewa ya rasu. Ina da wani haƙƙi?

AMSA: Malam, Allah ya saka wa mahaifiyarka da alheri da ta riƙe waɗannan wasiƙu shekaru arba'in, domin suna iya zama mabuɗin al'amarinka. Ta fuskar sabuwar dokar kana cikin waɗanda suka fi kowa kusa, tunda mahaifinka ne da kansa ɗan Italiya, kuma idan da ita kaɗai ya rasu, ka cika sharaɗin. Matsalarka tana wani wuri daban. A idon dokar Italiya, idan babu aure a rubuce, sunan da uwa ta ba da ita kaɗai bai isa ya sa mutum ya zama uba ba, sai uban ya amsa ɗan da kansa a gaban hukuma ko kuma alƙali ya tabbatar da nasabar. Don haka shari'arka ta farko ta tabbatar da uba ce, maganar ƙasa tana biyo baya.

Kundin dokokin farar hula na Italiya, daga sashe na 269 zuwa gaba, ya ba ɗa damar neman kotu ta tabbatar da mahaifinsa, kuma wannan haƙƙi ba ya ruɓewa komai tsufan ɗan. Idan uban ya rasu, magadansa ake kai wa ƙara, idan babu magada alƙali ya naɗa wanda zai tsaya a madadinsu. Ana karɓar kowace irin hujja, sai dai dokar ta faɗa ƙarara cewa maganar uwa kaɗai, ko shaidar cewa suna tare a lokacin da aka samu cikin, ba su isa ba. A yau gwajin ƙwayoyin halitta ne ke yanke yawancin irin wannan shari'a, kuma ana iya yinsa da 'yan'uwan mamacin na jini. Wasiƙun su ne za su nuna wa alƙali cewa ƙarar tana da tushe. Ka duba su da kyau: wadda ya kira ka ɗansa a ciki, wadda ambulan ɗinta ke ɗauke da tambarin gidan waya da kwanan wata da adireshinsa, ita ce mafi daraja. Kada ka ba kowa na asali, kada ka manna musu leda mai zafi, ka ɗauki hotonsu gaba da baya ka ajiye.

Ka shirya zuciyarka cewa iyalinsa na can suna iya turjewa, domin tun gyaran dokar 2012 duk 'ya'ya matsayinsu ɗaya a Italiya, har a wajen gado. Shi ya sa nake ba da shawarar lauya ya fara rubuta musu wasiƙa cikin mutunci kafin sammaci ya isa gare su, wataƙila a samu wanda zai yarda da gwajin cikin ruwan sanyi.

Sai abu na ƙarshe, wanda mutane da yawa suka yi asara a kansa. Sashe na 2 na dokar zama ɗan ƙasa mai lamba 91 ta 1992 ya ce idan an tabbatar da nasaba bayan ɗa ya balaga, ƙasar ba ta zuwa masa kai tsaye. Yana da shekara guda tak daga tabbatarwar ya je gaban hukuma ya bayyana cewa ya zaɓi zama ɗan Italiya. Wanda ya yi nasara a kotu ya koma gida yana murna har shekarar ta wuce, ya rasa wannan hanya.

TAMBAYA: Wani dillali ya ce in ba shi kuɗi masu yawa, zai samo mini kaka ɗan Italiya a takarda, lauyansu ya kai kotu, fasfo ya fito cikin wata shida. Yaya ainihin shari'ar take tafiya, kuma nawa take ci?

AMSA: Ka riƙe kuɗinka, Malam. Wanda ya ce zai samo maka kakan da ba ka da shi, takardar jabu yake nufi, kuma sunanka ne zai kasance a kan ƙarar ranar da asiri ya tonu, a shari'ar da mai gabatar da ƙara na gwamnati yake da hannu a cikinta.

Shari'ar gaskiya da takardu take farawa: takardar haihuwar kakan daga ƙaramar hukumar garinsu a Italiya, ko takardar baftisma daga coci idan an haife shi kafin a fara rajistar gwamnati a yankin, sannan takardun haihuwa da aure da mutuwa na kowane mutum a sarƙar har zuwa kan mai ƙara, da shaidar ko kakan ya karɓi wata ƙasa da ranar da ya karɓa. Kowace takardar waje sai an buga mata hatimin afostil, wato hatimin da ke tabbatar da ingancin takarda tsakanin ƙasashe, ko ofishin jakadancin Italiya ya tantance ta idan ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, sannan a fassara ta zuwa Italiyanci fassarar rantsuwa. Duk wani bambanci a suna, kamar Giuseppe da ya koma José a Ajantina, dole a warware shi da hujja. Sabuwar dokar ta hana kafa shaidu na baka da rantsuwa a shari'ar zama ɗan ƙasa, ta kuma ɗora wa mai ƙara nauyin nuna cewa babu abin da ya tsinke sarƙar. A nan gani ya kori ji.

Lauya mai rajista a Italiya ne ke shigar da ƙarar da takardar wakilci da ka sa wa hannu, ba sai ka je da kanka ba, kuma kana iya duba sunansa a rajistar lauyoyin ƙasar a intanet. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake kai wa ƙara. A da duk a kotun Roma ake yi, amma daga 22 ga Yuni, 2022, mazauna waje suna shigarwa ne a kotun yankin da garin haihuwar kakan yake, abin da ya jibga wa kotun birnin Benis (Venice) dubban ƙararraki daga jikokin mutanen yankin Veneto, inda birnin yake, da suka yi ƙaura zuwa Brazil. Kuɗin kotu tun 1 ga Janairu, 2025 Yuro 600 ne a kan kowane mutum, alhali a da Yuro 518 ake biya wa ƙarar gaba ɗaya ko da mutum goma ne a cikinta. Kuɗin lauya da na fassara daban ne. Babu jarrabawar harshe ga mai nema ta tsatso.

Ko alƙali ya ba ka gaskiya, tsugune ba ta ƙare ba. Sai wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, a karɓo shaidar cewa hukunci ya tabbata, a aika wa ƙaramar hukumar ta rubuta haihuwarka a kundinta, a saka ka a rajistar mazauna waje da ake kira AIRE, sannan ka nemi fasfo. Babu mai gaskiyar da zai yi maka alkawarin wata shida. Wasu kuma suna karɓar kuɗin mutanen da sabuwar dokar ta fitar, suna cewa kotu za ta soke ta nan gaba. Gaskiya ne kotun Turin ta miƙa tambaya a kan dokar ga Kotun Tsarin Mulki a 2025, amma doka tana aiki muddin ba a soke ta ba, kuma ba a sayen kifi a ruwa.

TAMBAYA: Muna zaune a Brescia, a nan aka haifi 'yarmu, yanzu shekararta 17. Mu ba 'yan Italiya ba ne. Za mu iya kai ƙara a ba ta ƙasa?

AMSA: Hajiya, haihuwa a ƙasar Italiya kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa, don haka shari'ar tsatso ba ta shafe ku ba. Amma 'yarku tana da hanya mafi sauƙi, kuma lokacinta ya kusa. Sashe na 4 na dokar 1992 ya ce wanda aka haifa a Italiya, ya zauna a cikinta bisa ƙa'ida ba yankewa har ya cika shekara 18, zai zama ɗan ƙasa idan ya je ƙaramar hukuma ya bayyana cewa yana so kafin ya cika 19. Kuɗin Yuro 250 ne. Tun 2013 doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta aiko da wasiƙar tunatarwa a cikin wata shida kafin yaro ya cika 18, ta kuma ce sakacin iyaye ko na ofis wajen rajista ba zai zama laifin yaron ba. Idan akwai giɓi a rajistar zamanta, takardun makaranta da katin rigakafi da na asibiti suna iya cike shi, don haka ku fara haɗa su tun yanzu, shekara bayan shekara. Idan ƙaramar hukumar ta ƙi karɓar sanarwarta, ku nemi ta ba ku dalilin ƙin a rubuce, domin da wannan takarda ce lauya zai shigar da ƙara a kotun yankinku.